Goron da Ya Kusa Aurar da Ni

Ko yau aka ce in tashi in bar duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da aka rangaɗa mini guɗa a tsakar gidana ina da shekara sittin da ɗoriya, ga furfura, ga haƙora huɗu da suka riga ni tafiya. Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Rabi, mai koyarwa a firamare, ita ke riƙe da biro, ni nawa baki ne. (Na ce mata duk abin da na faɗa ta sa, har wanda zan ji kunya. Ga ta nan tana dariya tun ban fara ba.)

Mijina, Allah ya jiƙansa, marubucin wasiƙa ne. Shekara da shekaru yana zama a gindin wata dalbejiya kusa da gidan waya a nan Gusau, da ɗan teburinsa da kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai buƙata. Mutanen Wonaka da na Kwatarkwashi za su zo su zauna su zazzage masa abin da ke ransu, shi kuma ya zuba a takarda. Ya dawo gida da tawada a yatsa, in zuba masa ruwa ya wanke, ba ta fita. Da wayar hannu ta zo wasiƙa ta mutu, sai ya koma cike wa mutane fom. Sau nawa yake ce mini, "Zo in koya miki ko sunanki ne." Ni kuwa in ce, "Ga ka, me zan yi da biro?" Na ɗauka kullum zai kasance ga shi. Shekara arba'in da bakwai muka yi. Allah bai ba mu haihuwa ba, bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Kuma a irin tarbiyyarmu mace ba ta kama sunan mijinta, don haka duk tsawon zaman nan "Malam" nake cewa, ko in ce "shi". (Dakata kaɗan, Malama. To, ci gaba.)

Bayan na fita takaba da kamar shekara, Malama Rabi ta shigo da labari. Wai wasu malamai sun shirya bita ta mako biyu a Gusau, za a koya wa mata rubuta labari, har da na ƙauyuka waɗanda suka yi makaranta amma ba su da halin zuwa. Kowace mace ana buƙatar kuɗin motarta da abincinta da masauki da takardu. Duk wanda ya tara kuɗin mace ɗaya, ya samar da kujera ɗaya ke nan, kuma za a rubuta sunan wanda yake so a jikin kujerar. Tana faɗin haka na tuna Malam. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ajiye kujera don wani ya zauna ya faɗi damuwarsa, ba ɗa, ba jika, ba mai ɗaukar sunansa. Na ce wallahi sai an rubuta shi a jikin kujera ɗaya, ko zan sayar da gadona.

Kuɗin kujerar ya kai na tunkiya mai kyau. Ni kuwa kaji shida gare ni da sana'ar daddawa.

Shugaban abin wani tsohon hedimasta ne, Alhaji Garba, dattijo mai gilashi, matarsa ta rasu ita ma da daɗewa. Shi ya tara mu masu neman kuɗin kujera, ya ba kowa takarda mai hatimi, ya ce a nuna wa masu hali. Na sa tawa a leda na cusa a hijabi, na shiga gari. Mako uku ina yawo da ita. In miƙa, a karanta, a gyaɗa kai, a ce "Allah ya taimaka, Inna," a miƙo mini abata. Ni ban san me ke ciki ba, balle in ƙara bayani. Wani mai shago ko buɗewa bai yi ba, ya jefo mini 'yar canji yana kallon wani wuri, irin yadda ake sallamar mabaraci. Na ɗauka don kada in yi masa rashin kunya, amma ina fita na ba wata mai jego da ke zaune a bakin hanya. Ban taɓa bara ba a rayuwata. Na koma gida na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Alhaji Garba mutumin kirki ne. Sau biyu da aka tashi daga taro ya rage mini hanya a tsohuwar motarsa har ƙofar gida, ina zaune a baya ina rungume da ledata. Sau ɗaya kuma ya zo ya yi sallama, muka tsaya a zaure, ya ce ƙarshen wata za a rufe karɓa, in ban cika ba in kawo abin da ya samu a haɗa da na wani. A haɗa da na wani, ka ji. Wato a raba kujerar Malam da baƙo. (Lokacin ban lura cewa unguwa tana da ido ba. Ashe motar nan an ƙirga ta.)

Sai na zauna na yi tunani, irin tunanin da nake jin daɗin kaina da shi. Na ce, mu mata yaya muke tara kuɗi tun kaka da kakanni? Ai biki ne. Shekara arba'in ina kai gudummawa, sunan wance, auren ɗiyar wance, daga Gusau har Tsafe har Bunguɗu, ba bikin da aka neme ni aka rasa. Ni kuwa ban taɓa tara kowa ba, don ba ni da wanda zan yi wa. To ga rana ta zo. Takarda ba ta san ni ba, amma mata sun san ni. Na kama kaji huɗu na sayar, na sayi goro ƙwarya biyu da alawa da cingam, na zauna na ƙulla su a 'yan ledoji kamar yadda ake yi. Har na sa lalle, karo na farko tun rasuwar, don kada in shiga gidajen mutane hannu fururu kamar wadda ta fito daga rami. Alhaji Garba na roƙe shi ya zo ran Asabar ya yi wa mata jawabi, ya amsa. Ban gaya wa Malama Rabi dabarata ba, wai ina so in ba ta mamaki. (Na kuwa ba ta.)

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane, na sani. Bazawara, ba ɗa ba jika, ta sha lalle, tana rabon goro gida-gida. Auren wa za a yi? Sunan wa? Duk Zamfara mutum ɗaya ne bai yi wannan lissafin ba, ita ce ke ba ku labari.

Na fara da Bunguɗu, gidan ƙawata Kulu, wadda muka taso tare. Tana ganin hannuna ta saki muciya.

"Ke ɗiyar nan! Mi nike gani haka? Wanga lalle fa?"

Na miƙa mata goro. Ta ce na mene ne. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ba yadda zan fara ba tare da na ambaci Malam ba, da teburinsa, da kujerarsa. Idona ya kawo ruwa, na ja mayafi na rufe fuska. Abin da ya iya fita kawai shi ne, "Ki dai zo ran Asabar bayan azahar, ki taho da abin da ya sawwaƙa. Alhaji Garba Hedimasta zai zo da kansa."

Kulu ta tafa hannu, ta zagaya tsakar gida sau biyu. "Hedimasta! Mai mota! Lalle da tsohuwar zuma ake magani." Ni kuwa na ji daɗi, na ce a raina ga wadda ta san darajar ilimi. Ta karɓe sauran goron Bunguɗu ta ce in bar mata, ita za ta raba, ba gidan da za ta tsallake.

Washegari na kama hanyar Tsafe, irin tafiyar yanzu da sai rana ta ɗaga ake fita, a dawo kafin la'asar, baki ɗauke da addu'a. Can ƙanwar Malam take aure, Ige, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Nan ma abin da ya faru a Bunguɗu ya sake faruwa, har ya fi, don idon Ige irin nasa ne sak. Na rufe fuska, na faɗi 'yan kalmomina. Ige ta karɓi goron ta ajiye a gefen tabarma, ba ta ɓare ba. Ta daɗe tana kallon lallen hannuna.

"Shekara guda da wata biyar," in ji ta.

Na ce, "Wallahi kuwa, kamar jiya."

Ta ce, "Hmm." Ko rakiya ba ta yi mini ba. Na dawo a mota ina cewa baiwar Allah, har yanzu rasuwar na cin ta.

Ranar Asabar na tashi da wuri na yi hoce na garin dawa da kunun zaƙi, na share tsakar gida, na aro tabarmi. Na ajiye tasa a tsakiya na rufe da faifai, inda za a riƙa sa gudummawa. Malama Rabi ta tafi suna a wata unguwa, ta ce sai la'asar za ta dawo, don haka ba mai ceto na.

Azahar na wucewa mata suka fara shigowa. Kowa ta ci ado, turare kamar a ɗebe da ludayi. Amma ba wadda ta kalli tasata. Wannan ta dire kular abinci, waccan zanin gado, wata turaren wuta da humra, wata atamfa, wata kwanuka jere. Na ce a raina to, zamani ya yi tsanani, kowa da abin da take da shi, a sayar ai kuɗi ne. Ina ta godiya, ina ta sa albarka. Kowace ta rungume ni ta ce "Allah ya ba da zaman lafiya," ni kuma in ce amin, don wa zai ƙi zaman lafiya a ƙasar nan?

Sai ga Kulu da mota guda cike da matan Bunguɗu, har da masu kiɗan ƙwarya. Ta ja ni bayan ɗaki ta danƙa mini wani ƙulli a hannu, ta ce a kunnena, "Cokali guda da nono, safe da yamma. Ki gode mini daga baya." Na ce Allah sarki Kulu, ta tuna da ciwon gwiwata. (Malama Rabi, kada ki rubuta sunan maganin. Matan aure sun gane, sauran kuma ba ruwansu.)

Ige ta zo daga ƙarshe. Ba ado, ba kaya a hannu. Ta zauna kusa da ƙofar zaure ta haɗe rai, aka miƙa mata kunu ta kau da kai.

Ana cikin haka aka ji tsayawar mota, sai sallama daga zaure. Alhaji Garba ne, ya sha babbar riga fara da hula, don shi a saninsa taron neman gudummawa zai yi wa jawabi, ga fayil a hammata. Kafin in miƙe Kulu ta fizgo wani mayafi mai ƙyalli daga cikin kayan ta lulluɓe ni ruf. Masu ƙwarya suka saki kiɗa. Wata ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, wata ta ƙara. Aka kama ni hagu da dama ana ja na zuwa bakin zaure, ina tirjewa ina cewa "ku tsaya, ku tsaya," su kuwa suna cewa ku ji ta, kunya kamar ta fari. Ta cikin mayafin ina hango Alhaji yana murmushi yana ɗaga hannu, shi ala dole an yi masa tarba ta girma. Har ya gyara murya ya buɗe fayil.

Sai Ige ta miƙe. Ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Alhaji, ni ce ƙanwar mamacin. Wa kat tambaya gidanmu? Ko don an ga ba mu da maza shi ya sa za a ɗauke ta kamar kaza? Ni ban hana ta aure ba, addini bai hana ba. Amma a ce sai a goro zan ji?"

Alhaji ya ce, "Aure? Auren wa?"

Kulu ta ce, "Naka mana, ango!"

Fayil ɗin ya zame daga hannunsa, takardu suka watse a zaure. Gilashinsa ya sauko kan hanci. Ni kuwa a ƙarƙashin mayafi komai ya dawo mini lokaci guda: lalle, goro, motar da aka ƙirga, "zaman lafiya", zanin gado, da ƙullin da ke hannuna har yanzu, wanda ba na gwiwa ba ne. Na roƙi ƙasa ta tsage. Ƙasar Gusau kuwa tauri gare ta, ba ta tsage ba.

 Na ga in ban yi magana yanzu ba, to sai dai a ɗaura. Na yaye mayafin. Abin da na kasa faɗi a gida talatin, na faɗe shi a gaban mata sun fi hamsin, da majina da hawaye. Na ce ni ba aure zan yi ba, ni har gobe matar mutum ɗaya ce. Na ba su labarin dalbejiya da tebur. Na ce a cikinku akwai wadda ya rubuta wa wasiƙa zuwa ga ɗanta a Ikko bai karɓi ko kwabo ba, ta san kanta. Na ce ya roƙe ni in koyi rubutu na ƙi, yanzu ga shi ko sunansa aka rubuta a gabana ba zan gane ba. Na ce kujera ɗaya nake so, wata ɗiya ta zauna a kai ta koyi abin da na ƙi koya, a ce ta Malam ce. Na ce ban iya roƙo ba, shi ya sa na aiki goro.

Ige ce ta fara fashewa da kuka. Ta zo ta kama ni tana dukan kafaɗata tana cewa, "Shashasha, tsohuwar banza, kwana huɗu ban ci abinci ba saboda ke." Muka zube a tabarma mu biyu muna kuka, sauran kuma wasu na kuka, wasu na dariya har da riƙe ciki. Alhaji yana durƙushe a zaure yana tsince takardunsa, bai ɗago ba.

Kulu ba ta san kunya ba, Allah ya yi ta haka. Ta share ido ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta ce, "To, tunda amarya ta fasa, kaya ba su komawa. Wa ke sayen kula?" Nan take ta zama dillaliya. Matan da suka kawo kaya su suka riƙa sayen na juna, ana tayi ana ihu, kuɗi na shiga tasa. Ba duka ba, kada in yi ƙarya. Wata daga Kwatarkwashi ta ɗauki atamfarta ta sa a hammata, ta ce ita biki ta kawo wa, ranar da aka tashi yi a kira ta. Ƙullin nan kuwa shi ya fi komai tsada. Mata uku suka yi ta ja a kansa, kowace na cewa wa ƙanwarta za ta saya. Da aka gama aka ga saura kaɗan, sai Ige ta kwance bakin zaninta ta juye abin da ke ciki, har kuɗin motarta na komawa, ta ce za ta kwana nan.

Alhaji ya matso bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Inna, sunan wa za a rubuta?"

Ige ta buɗe baki za ta faɗa, na riƙe hannunta. Na faɗa da kaina. Muryata ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, sai da ya ce in maimaita. (A'a, Malama, kada ki sa shi a nan. Na faɗa a inda ya kamata.)

Wata matar aure daga Kucheri ce ta zauna a kujerar. Ranar rufe bita na je na zauna can baya, ta tashi ta karanta labarin da ta rubuta a kan rijiyar gidansu. Ban gane duka ba don kuka, amma na ga yatsanta da tawada.

Har yau in na sauka a tashar Bunguɗu sai na ji an ce "Amarya, an iso?" Alhaji Garba kuwa in ya hango ni a hanya sai ya ɗaga hannu daga nesa ya ƙara wuta. Bai sake rage mini hanya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba, ko Ige, sai yau. Lokacin da guɗar farko ta tashi, ina lulluɓe, ƙamshin turaren wuta ya cika mini hanci, kafin hankalina ya dawo, na yi numfashi ɗaya ina jin kamar in aka yaye mayafin nan shi Malam zan gani a bakin zaure, da sabuwar rigarsa, yana sunkuyar da kai. Numfashi ɗaya tak. Duk kunyar da na sha a ranar, in za a sake ba ni wannan numfashin, zan sake sayar da kaji.

Amma ku kada ku yi koyi da ni. In kuna neman taimako ku buɗe baki ku faɗa, ko da kuka ne, mutane sun fi jin muryar mai buƙata a kan takarda mai hatimi. Goro ɗan aike ne mai ƙwazo, ba gidan da ba ya shiga, sai dai saƙon da ya iya bai wuce biyu ba. Ni kuwa tunda kowa ya san ba suna zan yi ba, sai ya isar da ɗayan.